Yadda Ake Gane Ko Farmakin Soja Zai Ɗore: Lissafin Guzuri, Nisa da Hanya

Da zarar an ce wata runduna ta ƙaddamar da farmaki, abin da ake fara yaɗawa shi ne adadin tankoki da sojoji, sai kuma taswira mai ɗauke da kibau ja da shuɗi. Duk waɗannan ba za su gaya maka ko farmakin zai kai mako uku ba. Mai gaya maka shi ne nauyin kayan da rundunar ke cinyewa kullum, da nisan da motocin dako ke yi kafin su isar mata da su, da yawan hanyoyin da motocin za su iya bi. Ɗan jarida, ko ɗalibin tarihi, ko mai sharhi a rediyo, zai iya yin wannan lissafi da takarda da biro da wayar da ke da intanet, cikin awa biyu ko uku.

Abin da ake nema shi ne wurin da Carl von Clausewitz, hafsan sojan Prussia da ya rasu a 1831, ya yi bayani a kansa: duk mai kai farmaki ƙarfinsa na raguwa gwargwadon nisan da ya yi daga gida, har ya iso inda ba zai iya ƙara gaba ba, tsayawar ma ta zame masa wahala. A nan za mu kira wurin maƙurar farmaki. Napoleon ya ƙetare kogin Neman a watan Yunin 1812 da mutum sama da 400,000, amma da ya shiga Mosko ranar 14 ga Satumba waɗanda ke tare da shi ba su wuce kimanin 100,000 ba. Yunwa da cuta da gudu da barin masu gadin hanya sun ci mafi yawansu tun kafin sanyi ya sauko. Aikinka shi ne ka hango maƙurar a kan taswira kafin rundunar ta isa can.

Abin da za ka tanada

Kana buƙatar Google Earth saboda ma'aunin nisa da ke cikinsa, da OpenRailwayMap don ganin layin dogo da tashoshi. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, kuma yana sake wucewa kan wuri ɗaya kusan duk kwana biyar. Kowane ɗigo a hotonsa mita 10 ne a ƙasa, don haka ba za ka ga tanka ba, amma za ka ga gadar da ta karye, da filin da ruwa ya malale, da dogon layin ramukan tsaro. Shafin FIRMS na hukumar NASA yana nuna inda wuta ke ci, sai dai a yi hattara, ba ya bambanta wutar igwa da ta manomin da ke ƙona gona. Game da inda bakin daga yake, ɗauki taswira biyu daga ɓangarorin da ba sa ga maciji da juna, ka yarda da wurin da suka dace kawai.

Ina ake son zuwa, kuma cikin kwana nawa

Fara da rubuta manufar farmakin a jimla ɗaya, da sunan gari da adadin kwanaki. In ka kasa rubuta ta, mai yiwuwa masu farmakin ma ba su tsayar da ita ba. Manufar ce ke yanke yawan guzurin da aka ɗauka. A 1991 Amurka da ƙawayenta sun nufi abu ɗaya, fitar da sojan Iraƙi daga Kuwaiti. Sun shafe kusan wata shida suna tara kaya a Saudiyya, suka fara ruwan bama-bamai ta sama ranar 17 ga Janairu, suka shiga ta ƙasa ranar 24 ga Fabrairu, aka gama cikin awa 100. Rasha kuwa da ta nufi Kyiv, babban birnin Yukiren, ranar 24 ga Fabrairun 2022, shirinta na 'yan kwanaki ne: a kama filin jirgin sama na Hostomel, a sauke ƙarin sojoji ta sama, gwamnati ta faɗi. Da aka hana amfani da filin, sai yaƙin kwanaki ya koma na makonni, ga shi ba a fafe gora ranar tafiya. Daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu suka janye daga arewacin Yukiren baki ɗaya.

Tan nawa rundunar ke ci a rana

Nan ne zuciyar aikin, don haka za mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara birget guda mai mutum 4,000, da tankoki 30, da motocin sulke 100, da manyan igwa 18, da sauran motoci 400. Alƙaluman da ke tafe na ƙiyasin aiki ne, kana iya ƙara su ko rage su gwargwadon yanayi, muddin ka rubuta dalilinka.

Abinci da ruwa: ba kowane soja kilo 2 na abinci da lita 10 na ruwa a ƙasa mai sanyi, wato sha da girki da ɗan wanke jiki. Kilo 12 sau 4,000 ya ba ka tan 48. In a hamada ne, ninka ruwan ya zama lita 20, sai jimlar ta kai tan 88. Mutane kan manta da ruwa saboda arha ne a gida, alhali a fagen daga lita ɗaya kilo ɗaya ce a bayan mota, kamar kowane kaya.

Mai: tankar T-72 irin ta Rasha na shan kusan lita 3 a kowace kilomita a kan kwalta, ta kuma zarce haka nesa a cikin gona ko laka. Abrams ta Amurka na ɗaukar kusan lita 1,900, ta shanye shi a tafiyar da ba ta kai kilomita 450 ba, kuma injinta na zuƙar mai ko tana tsaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne lissafa mai da nisan da aka ci gaba a taswira. Runduna kan matsa kilomita 10 a rana, amma injinanta sun yi awa 10 suna aiki: gaba, baya, sauya maɓoya, kunna wuta don na'urori da ɗumama jiki. Saboda haka lissafa da rana. Ba kowace tanka lita 500, ya zama 15,000. Motar sulke lita 150, shi ma 15,000. Sauran motoci lita 50, ya zama 20,000. Janareta 5,000. Jimla lita 55,000, kuma tunda litar dizal ba ta cika kilo guda ba (kimanin giram 840 ce), nauyin ya kama tan 46.

Harsashin igwa: wannan ne ke karya bayan motoci. Harsashi guda mai faɗin milimita 155, ko 152 irin na Rasha, yana da nauyin kilo 43 zuwa 47. Haɗa da hodar da ke tura shi da akwati, ka sa kilo 60. Ranar da ake ɓarin wuta sosai, igwa ɗaya na iya harba 100. Igwa 18 sau 100 sau kilo 60 ya ba ka tan 108. Ranar da aka lafa, a harba 20 kacal, tan 22 ne. Ka lura da wannan tazarar, domin ita ce dalilin da ya sa runduna kan yi kwana uku tana luguden wuta sannan ta yi shiru na mako guda. Shirun na jiran mota ne.

Sauran tarkace, wato ƙananan harsasai, safaya, magani, waya mai ƙaya, buhunan yashi, batura da ƙananan jirage marasa matuƙa, ka ba su tan 30. Jimlar ranar faɗa: 48 da 46 da 108 da 30, tan 232. Motocin dakon soja irin su Ural da KamAZ na ɗaukar kusan tan 6 a takarda. Sa 5, don akwatuna kan cika bodi kafin a kai nauyin, kuma hanya ba kwalta ce duka ba. Kenan birget ɗin na buƙatar lodi 47 a kowace rana ta Allah. In runduna ta ƙunshi birget goma, lodi 470.

Sawu nawa mota za ta yi

Yanzu auna nisan da ke tsakanin babban rumbun kaya da wurin da birget ke karɓa. Bi hanyar da mota za ta bi da ma'aunin, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kada ka ja miƙaƙƙen layi. Ayarin soja ba ya gudu irin na direban haya: ga shingen bincike, ga ramuka, ga tafiyar dare ba fitila. Sa kilomita 30 a awa. Lodi da saukewa su ci awa 3, musamman inda da hannu ake ɗaga akwatuna ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda sojan Rasha ya daɗe yana yi, maimakon a ɗaure su kan katako inji ya ɗauka. Direba kuma awa 12 zai yi a rana, sauran na barci da duba mota ne.

A nisan kilomita 45, zuwa da dawowa awa 3, haɗe da lodi awa 6, mota za ta yi sawu biyu. A kilomita 135, tafiya awa 9 da lodi awa 3, sawu ɗaya. A kilomita 315, tafiya awa 21 da lodi awa 3, sawu ɗaya a kwana biyu. Don kai lodi 47 kenan kana buƙatar mota 24, ko 47, ko 94. Amma ba duk motocin ke tashi kullum ba. Ƙaddara cewa ɗaya cikin huɗu na hannun makanikai, sai adadin ya koma 32, da 63, da 126. Birget ɗin bai ƙara ko mutum ɗaya ba, nisa kawai ya yi, amma motocin da yake buƙata sun ninka sau huɗu.

Akwai kuma abin da motocin kansu ke sha, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. A lita 40 duk kilomita 100, sawu guda na kilomita 630 zai ci lita 250. Sau 47, kusan lita 12,000 a rana, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na man da birget ɗin ke buƙata. Wannan ne ya faru da Amurkawa a Faransa a 1944. Bayan sun ɓalle daga Normandy, suka kafa ayarin da aka sani da Red Ball Express daga 25 ga Agusta zuwa tsakiyar Nuwamba, da motoci kusan 6,000 a ganiyarsa, akasarin direbobin baƙaƙen fatar Amurka. A ranarsa mafi kyau ya kai sama da tan 12,000, duk da haka tankokin Janar Patton sun tsaya cik a farkon Satumba saboda rashin mai. Matsalar ba ta warware ba sai da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Antwerp a ƙarshen Nuwamba. Rommel, kwamandan Jamus a Arewacin Afirka, ma haka ya sha a 1942: daga Tarabulus zuwa El Alamein ya fi kilomita 2,000, a kan hanya ɗaya tilo ta gaɓar teku.

Ƙa'idar da za ka riƙe: in runduna mai manyan makamai ta yi nisan da ya wuce sawu ɗaya a rana daga rumbunta, wato wajen kilomita 130 zuwa 150, sa ran za ta dakata, sai an matso da rumbun.

Nemo inda jirgin ƙasa ke sauke kaya

Tarago ɗaya na ɗaukar kusan tan 60. Jirgi mai tarago 40 ya kawo tan 2,400, daidai da lodin mota 480. Shi ya sa wurin da za ka dasa ƙafar ma'auninka shi ne tashar ƙarshe da jirgi ke iya tsayawa ya sauke kaya lafiya. Sojan Rasha ya dogara da dogo fiye da kowane babban soja, har yana da rundunar gyaran layi ta musamman. A gabashin Yukiren layukan na kusa da bakin daga, kuma faɗinsu ɗaya da na Rasha, milimita 1,520. A hanyar Kyiv kuwa, daga iyakar Belarus ta Chernobyl, dole mota ta ɗauki komai. Jamusawa sun gamu da matsalar faɗin layi a 1941 da suka mamaye Tarayyar Sobiyet: nasu milimita 1,435 ne, sai da suka riƙa sake shimfiɗa dogon Sobiyet, tazarar da ta rage kuma suka cike da motoci da dawakai kusan 600,000.

Ka duba mahaɗar layuka, ka zagaye su da jan biro. A watan Satumban 2022 da sojan Yukiren ya kutsa yankin Kharkiv, ya nufi Kupiansk ne, mahaɗar dogon da ke ciyar da dakarun Rasha a Izium. Da Kupiansk ta shiga hatsari, aka bar Izium cikin kwana ɗaya ko biyu, da tankoki da rumbunan harsasai a ciki.

Maƙogwaron hanya

Yawan motoci ba ya amfani in hanyar ba ta haɗiye su. Birget ɗinmu na da ababen hawa 548. In aka bar mita 50 tsakanin kowace biyu, jerin ya kai kilomita 27. In za su haye gadar wucin gadi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ci daƙiƙa 30, sai an yi sama da awa huɗu da rabi, in ba wadda ta mutu a tsakiya. Ayarin da hotunan tauraron kamfanin Maxar suka nuna a arewacin Kyiv a ƙarshen Fabrairun 2022, mai tsawon kusan kilomita 64, an yi ta yaɗa shi a matsayin alamar ƙarfi. Gosulo ne. 'Yan Yukiren sun karya gadoji, sun saki ruwan kogin Irpin ya malale filayen da ke kusa da ƙauyen Demydiv, gefen hanya kuma daji ne da taɓo. Motar gaba ta tsaya, tankar mai na can baya ba ta da inda za ta ratsa, janwe ma haka.

Don haka ƙidaya hanyoyin kwalta da ke shiga yankin, sannan a kowace hanya ƙidaya gadoji. Duba ko gadar za ta ɗauki nauyi: T-72 tan 45 ce ko kusa da haka, Abrams da Leopard 2 sun haura tan 60, kuma gadar ƙauye ba don su aka gina ta ba. Sai ka duba kalanda. A Yukiren da yammacin Rasha ƙasa kan zama caɓi sau biyu a shekara, wajen Maris da Afrilu lokacin narkewar ƙanƙara, da Oktoba da Nuwamba lokacin ruwa. A waɗannan watanni duk abin da ke da taya dole ya hau kwalta, wanda ke tsaro kuma ya san inda zai jira.

Kherson, birni a kudancin Yukiren, ce misalin da ya fi fitowa fili. Dakarun Rasha da ke yammacin kogin Dnipro na samun kaya ta mashigai uku: gadar mota ta Antonivsky, gadar jirgin ƙasa da ke kusa da ita, da hanyar kan madatsar ruwa ta Nova Kakhovka. Daga Yulin 2022 Yukiren ta riƙa huda su da rokokin HIMARS, motar harba roka ta Amurka, har manyan motoci suka daina hawa, aka koma fito da kwale-kwale da jiragen dako. Ba a yi faɗan titi-titi a birnin ba. Ranar 9 ga Nuwamba Rasha ta sanar da janyewa, ranar 11 sojan Yukiren ya shiga. Wanda ya ƙidaya gadojin nan a watan Agusta ya riga ya san inda aka dosa.

Abin da ya sauya: zana da'ira biyu

Lissafin da ya gabata tsoho ne, hafsoshin Yaƙin Duniya na Biyu za su gane shi. Sabon abu shi ne yanzu ana ganin bayan daga, kuma ana iya bugunsa daidai. Zana layi biyu a bayan bakin daga.

Na farko a kilomita 80, iyakar rokokin da HIMARS ke harbawa, waɗanda suka isa Yukiren a Yunin 2022. Duk babban rumbun da ke cikin wannan tazara abin hari ne. Bayan da rumbuna suka yi ta tashi a wannan bazarar, Rasha ta mayar da su baya ta kuma rarraba su. Saka wannan a lissafinka: rumbu a kilomita 30 na ba mota sawu biyu da ɗoriya a rana, a kilomita 100 kuwa sawu ɗaya da ɗan kaɗan. Ba a ƙona mota ko ɗaya ba, amma kayan da ke isa gaba sun ragu da rabi.

Na biyu a kilomita 15 zuwa 20. Nan ne mulkin ƙananan jirage marasa matuƙa, waɗanda wasu ke kira kuramen jirage: masu shawagi suna leƙe dare da rana da kyamarar da ke ganin zafin jiki, da masu ɗauke da bam waɗanda mai sarrafa su ke bi da su har cikin tagar mota. Kuɗin ɗaya 'yan ɗaruruwan daloli ne. Da farko na'urorin dagula sigina na kayar da da yawansu, sai daga 2024 aka fara yawaita masu jan zaren gilashi siriri kamar gashi, wanda ke warwarewa daga ƙwarya a bayansu tsawon kilomita 10 zuwa 20, wasu ma fiye. Tunda umarni ta zaren yake bi, dagula sigina ba ya taɓa su.

A cikin wannan da'ira motar tan 5 ba ta shiga. Ana sauke kaya a raba wa a-kori-kura da babura, daga nan sai ƙafa, ko ƙananan motoci marasa direba, ko manyan kuramen jirage da ke jefa ƙullin ruwa da abinci a bakin rami cikin dare. Yi lissafin: mutum na ɗaukar kilo 25 in zai yi tafiya mai nisa yana ɓuya. Lodin mota guda kenan ɗaukar mutum 200 ne. Shi ya sa ake ganin an kafa turaku an lulluɓe hanyoyi da raga na tsawon kilomitoci, kamar rumfar kasuwa. Shi ya sa kuma soja kan yi makonni a rami ɗaya ba a canje shi ba, wanda ya ji rauni ya jira dare ko hazo kafin a fitar da shi. Kuma shi ya sa farmakin tankoki ɗari a jere ya yi wuya: kafin su taru an gan su. Farmakin Yukiren na Yunin 2023 a kudu, wanda ya nufi Tokmak da Melitopol, ya maƙale a filayen nakiya da ramukan da Rasha ta shafe watanni tana haƙawa, bai wuce kewayen Robotyne ba.

Abin da za ka auna shi ne wannan: shin hanyar da ke ciyar da wani gari ko wani lungun daga ta shiga cikin da'irar kilomita 20 ta abokan gaba? In hanya ɗaya ce kuma ta shiga, fara ƙirga makonni, ko da ba a kewaye garin ba. Haka aka yi a yankin Kursk na Rasha. Yukiren ta shiga ranar 6 ga Agustan 2024 ta kama Sudzha, amma kusan duk guzurinta ta hanya ɗaya yake bi, daga Sumy ta Yunakivka. Da Rasha ta matso gefe da gefe har jiragenta masu zare suka kai ga hanyar, sai riƙe wurin ya gagara, aka fice daga Sudzha a Maris 2025.

Inda lissafin ke yaudarar mai yinsa

Kuskure na farko shi ne yarda da adadin takarda. Abin da ake kira birget bayan wata uku na faɗa yana iya zama rabin mutanensa. Wannan na rage abincin da yake ci, amma yana rage faɗin dagar da zai iya riƙewa. Na biyu, yi wa ɓangare ɗaya lissafi a bar ɗayan. Mai tsaro ma yana ci yana sha, sai dai shi in ya ja baya yana kusantar rumbunsa ne, mai binsa kuma yana nisa da nasa. Na uku, bidiyo. Kowane ɓangare harin da ya ci yake sakawa, ba wanda ke nuna guda tara da suka faɗi a gona. Shafuka irin su Oryx, masu ƙidayar motocin da aka ga hoton lalacewarsu, sun fi sanarwar ma'aikatun tsaro amfani, amma adadinsu mafi ƙaranci ne, tunda ba duk abin da ya ƙone aka ɗauka hoto ba. Na huɗu, auna nasara da murabba'in kilomita. Fili mai murabba'in kilomita 500 na gonaki bai kai mahaɗar dogo guda ba.

Sannan akwai yaƙin da wannan awo bai dace da shi kai tsaye ba. A 1987 sojan Chadi ya fatattaki na Libiya a Fada a watan Janairu da Wadi Doum a watan Maris, da motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya ɗauke da makaman fasa tanka na Milan da Faransa ta bayar. Irin wannan runduna ba ta jan igwa 18, don haka tan 108 ɗin nan babu shi a lissafinta. Gangar mai da jarkokin ruwa a bayan mota sun ishe ta kwanaki. In kana nazarin yaƙi irin wannan, ko na Sudan da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, bar neman tashar jirgin ƙasa, ka nemi rijiyoyi, da inda ake sayen mai, da kan iyakar da yake shigowa, da filayen saukar jiragen sama, da watannin da damina ke rufe hanya.

Lissafin kuma yana ɗauka cewa ɓangarorin biyu za su tsaya su yi faɗa. A Yunin 2014 sojan Iraƙi ya watse a Mosul gaban mayaƙan da ya ninka su sau da yawa, ya bar musu motoci da makamai. A Agustan 2021 biranen Afganistan sun faɗi ɗaya bayan ɗaya cikin kwana goma, har Kabul ranar 15 ga wata. Alamomin irin wannan rushewa daban suke: albashin da ba a biya ba, hafsoshin da ke kwashe iyalansu, sulhun da dattawan gari ke ƙullawa a bayan fage. Ajiye musu shafi na dabam a littafinka.

Yadda za ka rubuta sakamakon

A shafi guda, rubuta manufar da kwanakinta, tan nawa a rana, nisan rumbu, sawu nawa, hanyoyi da gadoji nawa, da waɗanda suka faɗa cikin da'irar kilomita 80 da ta 20. Yi lissafin sau biyu, ɗaya da alƙaluman da suka fi yi wa mai farmaki daɗi, ɗaya da waɗanda suka fi tsananta masa, ka ba da amsarka a matsayin tazara, misali "zai dakata tsakanin kwana 10 zuwa 20". A ƙasa rubuta abubuwa uku da in ka gan su za ka sauya ra'ayi: an gyara layin dogo zuwa wata tasha ta gaba, an kafa sabuwar gada, ko yawan harbin igwa bai ragu ba bayan mako biyu. Sa kwanan wata a saman shafin, ka dawo kansa duk mako da sabon hoton Sentinel-2, ka fara duba gadojin kafin komai.